Mizanin Auna Ɗalibi, Da Wanda Yake Aunawa a Haƙiƙa

Ma'abuta ilimin fiziks sun saba da awon nauyi da tsawo da sauri, amma da suka lura cewa ɗalibi kan ci jarrabawa da kyakkyawan sakamako, sa'an nan ya juya wa fannin baya har abada, sai suka shiga neman mizanin da zai auna abin da ke ɓoye a zuci, wato matsayin da ɗalibi ya ajiye kansa.

A shekarar 2010, Zahra Hazari da abokan bahasinta suka wallafa nazarin amsoshin ɗalibai 3,829 daga manyan makarantu 34 na Amurka, inda suka ɗora al'amarin bisa rukunai huɗu: sha'awar fannin, da fahimtarsa, da iya aikinsa, da kuma shaidar da iyaye da malamai da abokai suke yi wa ɗalibi cewa shi ɗan wannan fanni ne. Rukuni na ƙarshen nan shi ya fi cancantar tsokaci, domin kuwa ba a hannun ɗalibi yake ba. Yarinyar da ta warware mas'alar lantarki a allo, malam ya karɓi alli bai ce uffan ba, in ta rubuta a takardar tambaya cewa ba a ganinta a matsayin 'yar fiziks, ai malaminta aka auna.

Akwai wata illa kuma, wadda Herbert Marsh da Parker suka bayyana tun 1984 a Ostareliya: ɗalibai biyu masu hazaƙa ɗaya, wanda ke cikin ajin gwanaye yakan raina kansa fiye da wanda ke cikin ajin matsakaita, saboda kowa da na kusa da shi yake gwada tsawonsa.

To, balle a ɗauko waccan takardar tambaya a kawo ta makarantunmu, inda aka tarbiyyantar da yaro bisa cewa yabon kai jahilci ne, kuma ko malamin da ya sha littattafai yakan kira kansa almajiri. Irin wannan yaro zai zaɓi amsar tsakiya don kunya da tawali'u, mai bincike kuwa ya rubuta masa raunin zuciya.

Ban ce a jefar da mizanin ba, domin yana da fa'ida. Amma duk mai niyyar aiki da shi a ƙasar Hausa, ya fara zama da ɗalibai ya ji yadda suka fahimci kowace tambaya, kafin ya shiga ƙidayar amsoshinsu.