Caffè Lena: Gidan Gahawar Da Ya Adana Waƙoƙin Gargajiyar Amurka

A wannan fitowa ina so mu leƙa ƙasar Amurka, mu ga yadda wani ɗan ƙaramin gidan shan gahawa ya zama taskar tarihi, da kuma irin wahalar da aka sha kafin tarihin nasa ya tsira daga ɓacewa.

Sunan gidan Caffè Lena. Yana garin Saratoga Springs a jihar New York, a saman bene, lamba 47 kan titin Phila. Wata mata mai suna Lena Spencer, wadda iyayenta 'yan asalin Italiya ne, ita da mijinta Bill suka buɗe shi a shekarar 1960. A wancan zamani matasan Amurka sun koma sha'awar waƙoƙin gargajiya, watau waƙoƙin manoma da leburori da na baƙar fata na kudancin ƙasar, waɗanda ake rerawa da jita ko banjo. Shi banjo ɗin ma asalinsa daga kayan kiɗan Afirka ta Yamma ne, bayi suka kai fasaharsa can. Gidajen gahawa su ne dandalin wannan kiɗa, domin a nan mutum zai zauna ya saurari mawaƙi ba tare da hayaniya ba.

Ba a daɗe da buɗewa ba Bill ya tafi ya bar Lena da gidan. Ita kaɗai ta ci gaba da riƙe shi har kusan shekara talatin, tana dafa gahawa, tana tarbar baƙi, tana kuma ba mawaƙan da ba a sani ba damar hawa dandali. A shekarar 1961 wani saurayi mai suna Bob Dylan ya yi wasa a can, tun kafin faifansa na farko ya fito a 1962. Wannan saurayi shi ne ya sami lambar yabo ta Nobel kan adabi a 2016. Haka kuma Pete Seeger da Arlo Guthrie da Don McLean da Emmylou Harris duk sun hau wannan dandali.

Lena ta rasu a shekarar 1989. Nan fa hankali ya tashi, domin gidan bai taɓa zama mai kawo riba ba, kuma yawancin takwarorinsa sun riga sun rufe. Sai masoyansa suka haɗa kai suka mayar da shi ƙungiyar da ba ta neman riba, aka ci gaba da kiɗa. Saboda haka ne ake ɗaukarsa gidan gahawa na waƙoƙin gargajiya mafi daɗewa yana aiki ba yankewa a Amurka.

To amma tsayuwar gini ba ita ce tsirar tarihi ba. Hotuna da wasiƙu da kaset-kaset na wasannin da aka yi duk sun warwatse a hannun jama'a, wasu a akwatuna, wasu a ɗakunan ajiya, ga shi kuwa zaren kaset yana lalacewa in ya daɗe. Wata ɗalibar Kwalejin Skidmore da ke garin, Jocelyn Arem, ita ta ɗauki wannan nauyi. Ta shafe fiye da shekara goma tana bin tsofaffin mawaƙa da ma'aikata, tana ɗaukar hirarsu, tana tattara abin da suka ajiye. Daga bisani aka miƙa kayan ga Cibiyar Al'adun Gargajiya ta Amurka da ke Ɗakin Karatu na Majalisar Dokoki a birnin Washington. A shekarar 2013 aka buga littafin tarihin gidan mai ɗauke da hotuna, tare da faifan CD guda uku na wasannin da aka naɗa daga 1967 zuwa 2013.

Bugu da ƙari, daga 2016 an yi wa ginin babban gyara, aka faɗaɗa zauren, aka sa na'urar hawa bene domin tsofaffi da naƙasassu. Da annobar korona ta hana taro a 2020, sai aka riƙa watsa wasannin ta intanet.

Hausawa kan ce da tsohuwar zuma ake magani. Amma zumar sai an sami wanda ya adana ta. Da an jira har waɗanda suka san Lena sun ƙare, da kaset ɗin sun ruɓe a akwatuna, kuma da ba wanda zai iya faɗin sunayen mutanen da ke cikin hotunan.