Foliyamin da tsararriyar mutuwar ƙwayar halitta

Foliyamin ƙananan sinadarai ne da ke cikin kusan kowace ƙwayar halitta, kuma fitattunsu uku ne: futresin, sifamidin da sifamin. A 1678 Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya hangi wasu 'yan burbushi masu ƙyalli kamar gishiri a cikin maniyyi ta madubinsa mai ƙara girman ƙananan abubuwa, waɗanda daga baya aka gane sifamin ne. A 1885 Ludwig Brieger ya tsamo futresin daga ruɓaɓɓen nama a Jamus. A 1968 kuma Diane Russell da Solomon Snyder suka yanke sashen hantar ɓera, suka ga cikin 'yan sa'o'i aikin enzayim ɗin ODC, mai haɗa futresin, ya yi tashin gwauron zabi yayin da hantar ke tofowa. Daga nan masana suka ɗauki foliyamin a matsayin takin girma kawai.

Wannan fahimta ta gaza. A 1972 John Kerr, Andrew Wyllie da Alastair Currie suka bayyana afoftosis, wato yadda ƙwaya ke kashe kanta bisa tsari: ta tsuke, ta rarrabu, maƙwabtanta su lamushe ta. A 1994 Graham Packham da John Cleveland suka nuna cewa ODC ɗin nan na da hannu a irin wannan mutuwa. Abin da hujjoji suka fi nunawa shi ne, ma'auni ne ke yanke hukunci. Foliyamin na manne wa DNA yana kare shi. In ya yi ƙaranci girma ya tsaya, in ya yi yawa ƙwaya ta shiga farfasa shi, sai guba irin su haidurojin feroksaid da akrolin su fito.

Masu suka suna cewa a farantin gwaji kawai wannan guba ke fitowa, domin ruwan jinin shanu da ake kiwon ƙwayoyi da shi yana ɗauke da enzayim mai mayar da sifamin guba. Suna da gaskiya ta wani ɓangare, kuma hakan ya ɓata gwaje-gwaje da dama. Sai dai a farkon shekarun 2000 an gano enzayim mai farfasa sifamin a cikin ƙwayoyin ɗan Adam kansu, ba sai da jinin saniya ba.

A ɓangaren magani kuwa, eflonitin, maganin da ke toshe ODC, an haɗa shi a Faransa a shekarun 1970 domin ciwon daji, amma bai taka rawar kirki ba a lokacin. A 1990 aka amince da shi ga ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa a Afirka, sannan a 2023 Amurka ta amince da shi ga wani ciwon dajin jijiya da ke kama yara.