DAGA ZANGON FATAKE ZUWA ƘOFAR YANKARI: A INA BAƘO ZAI KWANA?

Duk sanda hutun ƙarshen shekara ya matso, ko Sallah ta faɗo cikin rani, sai ka ji magidanta da malaman makaranta suna tambaya iri ɗaya: in mun je Yankari a ina za mu kwana? Cikin dajin, ko Bauchi, ko akwai wani wuri a garuruwan bakin ƙofa? Yawanci ana ɗaukar ta a matsayin maganar kuɗin ɗaki da wutar lantarki kawai. Ni a ganina ta wuce nan. Inda baƙo ya kwana, nan kuɗinsa yake kwana. Mutanen da kuɗin ya kwana a hannunsu kuwa su ne za su tsaya su kare dajin ranar da aka zo ɓata shi. Ku ba ni aron hankalinku mu ɗan koma baya, don kakanninmu sun riga mu sanin wannan lissafin.

Zan fara da gida. Mu mutanen arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Minjibir zuwa Dambatta da Makoɗa, ba mu da sauran daji. Ka hau mota daga Kano ka nufi Kazaure, abin da za ka gani gona ce ta dafa gona, ƙauye yana hango ƙauye, sai gawo da ɗorawa da kuka da manoma suka bari da gangan. Masana irin su Michael Mortimore sun daɗe da yin rubutu a kan wannan yanki a matsayin ɗaya daga cikin karkara mafi cikar jama'a a Afirka ta Yamma. Takin birni da jakuna suke kwasowa ya sa ana noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta samu kasuwa, ɗan abin da ya rage na saura shi ma aka share. Yau ɗana ya san giwa da ɓauna ne a littafin makaranta da gidan zoo. In yana son ya gan su a dawa, dole sai mun yi tafiyar da za ta kai mu ga kwana. Kun ga ke nan mu ne baƙin, maganar masauki tamu ce.

To amma kafin mu zama baƙi, mu ne masu masauki. Hanyar Katsina ta bi ta Bichi da Tsanyawa, hanyar Daura da Damagaram ta bi ta Dambatta da Kazaure. Baturen nan Heinrich Barth ta Bichi ya biyo daga Katsina kafin ya shiga Kano a watan Fabrairun 1851. Da rani ayarin Azbinawa yakan sauko da gishirin Bilma, su yada zango a gonaki, manomi kuma yana murna saboda kashin raƙumi taki ne. Fagge kanta asalinta wurin saukar ayari ne a bayan ganuwa.

Ayarin fatake ba ya sauka inda ya ga dama. Madugu ne shugaba, amma jagaba ne yake wucewa gaba ya duba inda za a kwana. Abu uku yake dubawa: akwai ruwa? Akwai tsaro, wato gari mai ganuwa ko sarkin da ake jin maganarsa? Akwai abinci na mutum da na dabba? In ukun nan sun cika sai a sauke kaya. Daga nan garin ya shiga ciniki. Mata su fito da fura da tuwo da ƙosai, yara su kawo itace da harawa, maƙeri ya yi gyara, sarki ya karɓi gaisuwarsa. A manyan garuruwa kuma akwai fatoma, wanda zai ba ka ɗaki, ya ajiye maka kaya, ya nemo maka mai saye, ya tsaya maka in rigima ta taso, shi kuma ya ci la'ada. Shi ya sa garin zango ba ya wasa da tsaron hanya. In aka tare ayari a kusa da ku, baɗi madugu zai canza hanya, tukunyar kowa ta yi sanyi. Har yau sunayen suna nan suna ba da shaida: Zangon Daura, Zangon Kataf, Zangon Barebari a cikin birnin Kano, da unguwannin Zango na Kumasi da Ankara waɗanda fataucin goron Gwanja ya haifa.

Da Turawa suka ci Kano a 1903 sai wani sabon irin baƙo ya ɓullo. Di'o in ya fito rangadi ba ya sauka gidan kowa. An gina masa bariki a bayan gari, nesa da hayaniyarmu da sauronmu a cewarsu. Gyaran barikin, jan ruwa, itace, ƙwai da kaji, duk a wuyan dagaci da talakawansa suke. A takarda ana biya, amma ku tambayi tsofaffin da suka ga ƙarshen zamanin ku ji yadda suke ba da labarin. A zango baƙo arziki ne. A bariki baƙo ya koma ɗawainiya. Kuma a daidai wannan zamanin ne aka fara shata gandun daji, a ce wa mutumin da kakansa ya yi farauta da kiwo da ɗiban zuma a wuri: daga yau kar ka shiga.

Wannan tsarin na bariki shi gandayen namun dajinmu suka gada. Ɗauki Yankari. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a ranar 1 ga Disamba 1962. Faɗinsa kusan murabba'in kilomita 2,244. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta mayar da shi gandun ƙasa, a 2006 kuma aka mayar wa Jihar Bauchi zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu. In ka taso daga Bauchi ta hanyar Gombe, a Dindima za ka karya, ka kai Mainamaji inda babbar ƙofa take, a ƙasar Alkaleri. Amma masaukin baƙi ba a nan yake ba. Sai ka ƙara kusan kilomita 43 cikin daji kafin ka isa sansanin Wikki, inda ɗakunan kwana suke, da gidan abinci, da ruwan ɗumin nan mai zafin digiri 31 dare da rana. Wurin yana da kyau, wannan ba musu. Sai dai ka dubi abin ta idon mutumin Mainamaji. Motoci suna wucewa ta ƙofar gidansa, su bar masa ƙura. Giwar da aka zo kallo kuwa, in damina ta yi, gonarsa take shiga ta tattake masara. Wane dalili zai sa wannan bawan Allah ya tona asirin mafarauci ko mai ƙona gawayi?

Abin mamaki, Yankari kansa tsohon zango ne. Rijiyoyin Dukkey sama da 130 da aka haƙa cikin dutse suna nan, kuma ana danganta su da wurin hutawar ayarin masu fataucin bayi. Ga kogunan Marshall da mutane suka sassaƙa suka zauna a ciki, ga kufan matoyar ƙarfe. Dajin da muke gani kamar ba a taɓa taka shi ba, a da hanya ce ta mutane.

Mu dawo Jihar Kano. Dajinmu shi ne Falgore, can kudu, a ƙasashen Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, kusan murabba'in kilomita 1,000, hanyar Jos ta ratsa ta cikinsa. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa kudu ta tsira da daji alhali mu a arewa mun cinye namu shi ne hare-haren Ningawa a ƙarni na 19, waɗanda Sarki Abdullahi Maje Karofi ya sha fama da su, suka hana mutane sakewa su bazu a wannan yankin. En'e ta keɓe shi zamanin Turawa, daga baya ya zama gandun namun daji da ake kira Kogin Kano. Marigayi Audu Bako, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, ya hango abin da da yawa ba su hango ba. Ya gina madatsar Tiga, aka yi otal ɗin Bagauda da na Rock Castle a Tiga, aka yi gidan zoo a birni. Duk wanda ya dubi taswira zai ga jerin: baƙo ya sauka Kano, ya kwana bakin ruwa, gari ya waye ya shiga daji. Yau Bagauda makarantar horas da lauyoyi ce, Rock Castle kuma an daɗe ba a jin ɗuriyarsa a harkar baƙi. Da masaukai suka mutu baƙi suka ɗauke ƙafa, shi kuwa daji ba ya zama babu mai shi. 'Yan fashi da ɓarayin shanu suka yada nasu zangon, har sai da sojoji suka kafa wurin atisaye a ciki.

A Disambar 2020 Gwamnatin Tarayya ta sanar da sababbin gandayen ƙasa guda 10. Falgore yana ciki, da dausayin Hadejia a Jigawa, da dajin Kogo a Katsina. Madalla. Amma ni da na shekara kusan ashirin ina ganin yadda fayil yake yawo daga tebur zuwa tebur, na san bambancin sanarwa da aiki. Tambayar jagaba tana nan ba a amsa ba: wanda ya zo Falgore, a ina zai kwana, wa zai dafa masa, wa zai tsaya masa?

Wasu sun amsa tasu. A Gana, gandun Mole yana ƙasar Gwanja, inda kakanninmu suke zuwa sayen goro. Akwai otal a cikin dajin, amma 'yan kilomitoci kaɗan daga ƙofa akwai Larabanga mai tsohon masallacin ƙasa, inda mutanen gari suke sauke baƙi, matasa suna yi musu jagora. A Ruwanda, tun 2005 ake ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar gandayen daji don garuruwan da suke kewaye, a 2017 aka mayar da shi kashi 10. Garin Musanze a kan masu zuwa kallon manyan biran nan na gorila yake rayuwa. Akwai kuma darasi mai ɗaci a maƙwabta. A Kure ta Jamhuriyar Nijar, kusan kilomita 60 daga Yamai, mutanen ƙauye sun zauna lafiya da raƙuman dawa suna cin abinci da jagorancin baƙi. Ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a wurin. Rana ɗaya ta rushe kasuwar da aka yi shekaru ana ginawa. Ruwa, tsaro, abinci: in ɗaya ya faɗi, zango ya tashi.

To, ga wanda yake shirin tafiya bana, ga abin da zan ce.

In abin da ya kai ka ganin dabbobi ne, ka kwana Wikki. Da sassafe da kuma yamma ake fita zagaye, lokacin da gwanki da gwambaza da ɓauna suke saukowa kogin Gaji, musamman daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu da ciyawa ta bushe. Wanda ya kwana Bauchi yana da tafiyar sama da kilomita 100 a gabansa, kafin ya iso rana ta take, dabba ta shige inuwa. Ka kira ka kama ɗaki tun da wuri in lokacin biki ne, ka tambayi maganar ruwa da awannin wuta, ka kuma rufe ƙofa da tagar mota, don gwaggon birin wurin ba ya jin kunyar kowa.

In kana tafe da tsoho ko mai jinya ko jarirai, Bauchi ta fi maka, saboda kusancin asibiti da zaɓin masauki daidai aljihunka. Ku fito da asuba, ku koma kafin magariba.

Daga nan arewacin Kano tafiyar yini ce sosai. Kano zuwa Bauchi kaɗai kusan kilomita 300 ne ta Birnin Kudu da Ningi. Malamai masu kai ɗalibai, don Allah ku daina lissafin a je a dawo rana ɗaya. Lissafin nan shi yake jefa motar yara cikin tafiyar dare da direba mai gyangyaɗi. Ku sa kuɗin kwana cikin kasafi tun farko, ɗakin mata daban da malama mai kula da su.

Kafin ka tashi, ka nemi labarin hanya daga bakin mutumin yankin a ranar da za ka tafi, domin halin tsaro a dazuzzukan Alkaleri yakan sauya. Da ɗan gari akan ci gari.

Kuma ko a ina ka kwana, ka tsaya a garuruwan bakin ƙofa. Ka ci abinci, ka sayi zuma da gyaɗa da tsire, ka yi salla a masallacinsu, ku gaisa. Dubu biyar ɗin da ka bari a Dindima ko Mainamaji ta fi wa'azin kare muhalli goma tasiri.

Ga hukumomi kuwa, musamman namu na Kano, kar a fara maganar Falgore da kwangilar katafaren otal a tsakiyar daji. A fara da Tudun Wada da Doguwa da Tiga. A tallafa wa masu ƙananan masaukai da rance da horo da duba tsafta. A ɗauki 'ya'yan mafarauta da na makiyaya aikin jagora da gadi, su ne suka san kowace ƙorama. A rubuta a doka kason da garuruwan za su samu daga kuɗin ƙofa, a liƙa a bango kowa ya gani. Hakimai da dagatai su shigo ciki, don tun asali sauke baƙo aikinsu ne.

Mu da muka riga muka cinye dajinmu mun san zafin rashinsa. Wanda ya rage a kudu amana ce ta jikokinmu duka, kuma masu riƙe da amanar su ne mutanen bakin ƙofa. A mayar musu da matsayinsu na masu masauki.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya kai matafiya gida lafiya. Amin.