Bulus, Bawa da Kotun Yamai

Abokin ɗakina a jami'a ya tarar da ni ina karanta wasiƙun Manzo Bulus, sai ya ce, "Kai, lafiya? Addini ka canza?" Na ce masa tarihi nake bi, ya bar ni.

Bulus Bayahude ne, haifaffen Tarsus a ƙasar Turkiyya ta yau, sana'arsa ɗinkin tanti. Ya yi yawon wa'azinsa a daular Rum wajen shekarun 50 na miladiyya, lokacin da bawa kaya ne kamar jaki. Wanda ya gudu aka kamo shi, bulala ce ko tambarin wuta, mai ɓoye shi ma doka na hawa kansa.

Wasiƙar da ta hana ni barci ita ce mafi gajarta, ayoyi 25 kacal. Daga kurkuku ya rubuta wa Filimon, wani mai hali da masu bi ke taruwa a gidansa, a kan bawansa Onisimus wanda ya rabu da gidan ya zo wurin Bulus. To, me Bulus ya yi? Mayar da shi ya yi. Ya roƙi a karɓe shi a matsayin ɗan'uwa, ya ce in da bashi shi zai biya. Amma bai fito fili ya ce a ƴanta shi ba. Shi ya sa a Amurka, a ƙarni na 19, masu bayi da masu yaƙi da bauta duk suka riƙa kafa hujja da wasiƙa ɗaya.

Da farko na ce tsoro ne. Daga baya na sassauto: fursuna ne, jama'arsa ƴan tsiraru, ba kotun da zai kai ƙara. Duk da haka raina bai kwanta ba, don mu nan mun san irin wannan shiru. Sai a 2003 dokar Nijar ta sa hukunci a kan bauta. Hadijatou Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita jikka 240. A nan Yamai, ranar 27 ga Oktoba 2008, kotun CEDEAO ta ce gwamnati ta kasa kare ta, a biya ta sefa miliyan 10.

Ita dai mun san ƙarshen shari'arta. Onisimus kuwa, wasiƙar ta ƙare Bulus yana cewa a shirya masa ɗakin baƙi, yana sa ran zuwa. Ni a ganina Filimon ya gane me ake nufi da wannan.