Bayara da Kutare: Ƙofar da Mishan Suka Shigo ta Cikinta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. 'Yan'uwa mazauna unguwa, duk wanda ya bi hanyar Dass ya wuce Yelwa zai tarar da asibitin Bayara. Yaranmu na yanzu sun san shi a matsayin asibiti kawai. Dattawa kuwa sun san can ne mazaunin kutare, inda mishan suke yi musu magani. Akwai darasi a tarihin wurin, kuma da mu yake.

A ƙarshen 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar kawo Kiristanci ƙasar Hausa. Cikin 1894 ciwo ya kashe biyu, Bingham ya koma gida. Ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya sake kora shi. Sai a karo na uku mutanensa suka kafa tasha a Pategi, ƙasar Nufe, a 1902, shekarar da Turawa suka ci Bauchi. Ƙungiyarsu ita ce SIM, wadda ta haifi cocin ECWA a 1954.

To amma ba su samu shiga biranen sarakuna ba. Lugga ya yi alkawari ba zai taɓa addinin Musulunci ba, don haka gwamnati ta taka wa mishan birki. Sai suka nufi ƙasashen da Musulunci bai kafu ba, irin su Kaltungo a ƙasar Tangale, wadda a lokacin tana Lardin Bauchi, inda suka zauna tun 1917. Hausa suka riƙa a matsayin harshen wa'azi, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

Ƙofar da ta buɗe musu a ƙasar sarakuna ita ce kuturta. A wancan zamani kuturu yana da sarkinsa, yana da wurin bararsa a bakin kasuwa da ƙofar masallaci. Ana ba shi sadaka, amma daga nesa, kwanonsa daban, tabarmarsa daban. A wajajen 1937 En'e ta danƙa wa SIM kula da kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. Bayara ita ce takwararsu a nan Bauchi.

Me suke yi a ciki? Su wanke gyambo da hannunsu, su ba mutum ɗaki da gona, su koya masa karatu da sana'a. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu da aka samu ƙwayar maganin dapsone, mutane suka fara warkewa suna komawa gida. Wa'azin nasu kuwa ba na taron kasuwa ba ne. Mutum ɗaya ne zai zauna da mutum ɗaya, yau da gobe, ya san sunansa da na 'ya'yansa. Da yawa sun sha magani sun fita da Musuluncinsu. Wasu kuma sun bi su, wasunsu ma sun zama malaman asibiti da masu wa'azi. Wanda danginsa suka guje shi, in ya samu mai kiran sa da sunansa, ai ba abin mamaki ba ne ya saurare shi.

Ba ina cewa mu ari addinin kowa ba ne. Wannan aiki namu ne tun asali. Suratu Abasa ta sauka ne a kan makaho, Abdullahi bin Ummi Maktum. Halifa Walid bin Abdulmalik ya yanka wa kutare abin masarufi daga baitulmali don kada su yi bara. Ƙofar tuba kuma a buɗe take har ga wanda ya kashe rai casa'in da tara, kamar yadda ya zo a hadisi.

Yau kuturta ta ragu, alhamdulillahi, amma waɗanda ake ware wa kwano ba su ƙare ba. Ga yaron da shaye-shaye ya kama, ga wanda ya fito daga gidan yari ba mai ba shi ajiyar ko sisi, ga bazawarar da ta rasa wurin zama. Maƙwabtanmu Kirista har yanzu suna zuwa asibiti da kurkuku suna gaida irin waɗannan, ɗaya bayan ɗaya. Mu kuma sau da yawa sai mu tsaya a kan lasifika.

Shawarata ƙarama ce. Kowane masallacin unguwar nan ya san mutum biyu ko uku da aka yanke wa ƙauna. Liman da mai unguwa su je gidajensu da ƙafarsu. Mu 'yan kasuwa, kowa ya ɗauki yaro guda a shago, ko da zai sa masa ido sosai a watannin farko. In ya zame, a sake ɗaga shi. In mun bar shi, wani zai ɗauke shi, kuma ba mu da bakin ƙorafi.

Allah Ya sa mu dace, amin.