Daga Garken Shanu Zuwa Ɗakin Tiyata

In an taɓa shirya wa wani naka aikin ƙaba ko wata tiyatar ciki a Asibitin Sir Yahaya na Birnin Kebbi, ko babban asibitin Argungu, wataƙila ka ji likita ya tambaya: "Kana shan maganin tsinka jini?" To, asalin wannan tambaya daga garke ta fito.

A shekarun 1920, manoman arewacin Amurka da Kanada suka shiga uku. Sa lafiyayye, a dandaƙe shi ko a yanke masa ƙaho, sai jini ya ƙi tsayawa har ya mutu. Likitan dabbobi Frank Schofield ya gano cewa harawar da ta yi fumfuna ce sanadi. A 1933 wani manomi ya kai wa Karl Link na Jami'ar Wisconsin jinin saniyarsa cikin garwar madara, ko alamar daskarewa babu. Daga wannan binciken aka samo warfarin. A 1948 ya shiga kasuwa a matsayin maganin ɓera, a 1954 aka amince mutane su sha don hana gudan jini.

Sai dai gaba kura, baya sayaki. A yi tiyata da maganin a jiki, jini ya ɓalle kamar na shanun can. A daina shi, gudan jini na iya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Dabarar da likitoci suka daɗe a kanta ita ce a tsayar da warfarin kamar kwana 5 kafin aiki, a cike giɓin da allurar heparin, wadda ke saurin barin jiki.

A 2015 binciken BRIDGE ya sauya lissafi. Ga yawancin masu bugun zuciya marar tsari, allurar ba ta rage gudan jini ba, zubar jini ta ƙara. Amma mai ƙyauren zuciya na ƙarfe, sau da yawa har yanzu yana bukatarta.

Ka ga ke nan, kowa da nasa lissafin. Kada ka daina maganin don kanka, kada ka ɓoye shi, ko da asfirin ne. Tafi da kwalinsa asibiti, a yi maka gwajin INR, sannan ka tambayi ranar dainawa da ranar komawa.