Bambancin Ma'ana Tsakanin Kalmomin Mayar da Magana a Ingilishi

Ƙamusoshi kan jera kalmomin *answer* da *reply* da *respond* da *retort* wuri guda tamkar ma'anarsu ɗaya, amma duba asalinsu da yadda masu harshen ke sarrafa su yana nuna cewa kowacce da irin aikin da take yi. Tushen wannan bambanci yana cikin tarihin Ingila, domin bayan Normawa sun ci ƙasar da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, Latin kuma ya ci gaba da riƙe coci da fagen ilimi, sai Ingilishi ya yi ta aro daga gare su ba tare da ya zubar da nasa ba.

*Answer* ce 'yar gida, daga tsohon Ingilishi *andswaru*, wadda saiwarta ɗaya da ta rantsuwa, wato furucin da wanda ake tuhuma kan yi don wanke kansa. Shi ya sa har yau take ɗauke da nauyin biyan buƙata, da ita ake warware tambayar jarrabawa, da ita ake ɗaga waya ko a buɗe wa mai ƙwanƙwasa ƙofa. *Reply* ta biyo ta Faransanci daga Latin *replicare*, mai nufin ninko abu baya, kuma sharaɗinta kawai shi ne wata magana ta gabata, a baki ko a rubuce. Saboda haka minista na iya zuba dogon jawabi ga ɗan majalisar da ya tambaye shi, a ce ya yi *reply*, alhali tambayar na nan ba a taɓa ta ba. *Respond* ta fi su faɗi domin ba ta buƙatar furuci, tana shafar majinyacin da magani ya karɓe shi da 'yan kwana-kwanan da suka fito bayan kiran gaggawa. *Retort* kuwa, daga *retorquere*, wato murɗo abu baya, baƙar magana ce da ake mayar wa mai ita nan take.

Wannan bambanci nauyi ne a wuyan mai fassarar labarai zuwa Hausa, wanda ke da amsa da martani da raddi a hannunsa. Idan ya rubuta cewa jami'i ya amsa tambaya a inda asalin labarin ya ce ya mayar da magana kawai, to ya wanke shi a idon jama'a daga hakkin da bai sauke ba.